Glenda Vowles da Karsana Mai Farar Fuska

Shekara talatin da huɗu ke nan Glenda Vowles tana fara aikinta da wanke takalmi. Kafin ta tayar da mota takan cika bokiti da ruwan magani, ta goge takalmanta na roba da buroshi har ƙasansu, ta jefa su bayan mota tare da bokitin. In ta isa ƙofar gona ta sake wankewa, in za ta fita ta kuma wankewa, ko da mai gonar yana tsaye yana surfa mata zagi. Ƙarfe bakwai take barin gida. Ta san manomi ba ya sauraron kowa sai ya gama tatsar safe, kuma ba ya sauraron kowa in ya zauna karin kumallo. Tsakanin biyun akwai kamar minti ashirin, a nan take ritsa shi. A kujerar gefenta akwai fulas ɗin shayi, da burodi mai cuku a tsakiya, da fayil ɗin ranar. Ba ta kunna rediyo. Ta ce ta daina tun shekarun da rediyo ba shi da zance sai na shanunmu, kuma har yau ba ta ga dalilin komawa ba.

Ƙarshen wannan wata za ta ajiye aiki. A ofis za su yi mata ɗan taro da kek, wani babba ya karanta takarda, a tafa, a watse. Mu mutanen fadamar Somerset ta ƙasar Turawa, waɗanda ta yi rayuwarta tana shiga gonakinmu, ba za a gayyace mu ba, kuma in za a faɗi gaskiya da yawanmu ko an gayyata ba za mu je ba. Shi ya sa na ga ya kamata ɗaya daga cikinmu ya rubuta wannan.

Glenda ba likita ba ce. Malamar dabbobi ce, irin waɗanda ake turawa su karanta lambar kunne, su duba littafin garke, su bi sawun saniya daga inda aka haife ta zuwa inda take a yau. Ta kama aiki ana saura shekara guda mu fara jin sunan cutar haukan shanu. Wanda bai gani ba da wuya ya gane. Saniyar da ka yi shekara huɗu kana tatsa, wadda ta san muryarka, sai wata safiya ta toge a ƙofar ɗakin tatsa ta ƙi shiga, kunnuwanta na rawa, in ka taɓa ta ta zabura ta kawo maka shuri. Bayan 'yan makonni ƙafafun baya su fara tangaɗi, ta zame a kan siminti ta kasa tashi. Daga baya aka ce daga abincin kamfani ne, wanda ake haɗawa da garin nama da ƙashi, abincin da dukanmu muka saya muka zuba musu da hannunmu. Likita ke zuwa ya yi allurar ƙarshe. Glenda ce ke biyo bayansa da tambayoyi: ina aka haife ta, da su wa ta ci abinci tana maraƙa, ina 'ya'yanta. Duk saniyar da ta fito a amsar, gwamnati na iya zuwa ɗaukarta. Don haka aka fi jin haushinta a kan likitan. 'Yar Gwamnati muke ce mata, a bayan idonta da kuma a gabanta, ita kuwa takan amsa.

Kowa a nan yana da labarinta, kuma yawanci da zagi labarin ke farawa. Wani ya sakar mata karnuka, ta koma mota ta buɗe burodinta ta ci, ta kora da shayi, har karnukan suka gaji suka kwanta a gindin taya, shi ma ya gaji da leƙe ta taga ya fito da littafin. Ma'aikatan kara sun shaida ranar da ta kama kunnen wata saniya ta juya shi, ta ga huda biyu inda ya kamata a ga ɗaya, ta gane an cire tsohuwar lamba an maƙala sabuwa. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce a fitar da saniyar daga layi. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba. A 1996, bayan gwamnati ta fito ta ce mai yiwuwa cutar na kama mutane, nama ya yi kwantai, manoma da dama suka shiga wani hali. Ta je wata gona ta tarar ba a yi tatsa ba har ƙarfe goma, mai gonar yana zaune a kicin, bindigar farauta a kan tebur. Ta buga wa ɗan'uwansa waya, sannan ta ja kujera ta zauna tana tambayarsa lambobin shanunsa ɗaya bayan ɗaya har ɗan'uwan ya iso. Mutumin yana nan da ransa, jikokinsa biyar, kuma ba zan faɗi sunansa ba.

Amma wanda ke son sanin ko wace ce Glenda, sai ya ji labarin karsanar Norman Puddy.

A farkon 1999 sabuwar doka ta zo. Duk saniyar da aka tabbatar cutar ce ta kama ta, 'ya'yan da ta haifa daga Agustan 1996 zuwa gaba za a nemo su a kashe, ko da lafiyarsu ƙalau. Masana ba su da tabbacin uwa na ba 'yarta cutar, amma ƙasashen Turai sun ce sai an yi haka kafin su sake sayen namanmu. Fayil ya taru a teburin Glenda, ɗaya daga ciki na Norman ne. Saniyarsa mai suna Clover ta mutu da cutar a kakar da ta wuce, littafin garkensa kuma ya nuna ta haifi maraƙa a Nuwamban 1996, mai lamba 340.

Norman yana da shekara hamsin da takwas a lokacin, yana zaune shi kaɗai a gonarsa da ke ƙarshen hanyar nan da ruwa ke shanyewa duk hunturu, 'yarsa tana can wani gari. A wajenmu 'yar saniya sunan uwarta take ɗauka, haka jika, haka tattaɓa-kunne. Ranar da Norman ya auro Joyce ta zo da saniya guda da ubanta ya ba ta, sunanta Damson, kuma shekara talatin da biyar ba a taɓa rasa Damson a wannan gona ba. Joyce ta rasu a 1997. Tsohuwar Damson ta bi ta bayan shekara guda, ta bar 'ya ɗaya tak, karsana mai cikin fari da ake sa ran za ta haihu a watan Mayu. Ita ce ke ɗauke da lamba 340 a kunne.

Glenda ta same shi yana wanke ɗakin tatsa.

"Mista Puddy, na zo kan 'yar Clover."

"Clover ba ta bar 'ya a gidan nan ba."

"Littafinka ya ce ta bari. Ɗari uku da arba'in."

Norman ya rufe famfo, ya ja ta zuwa garke, ya nuna mata karsanar. "Dubi goshin nan, 'Yar Gwamnati. Dubi tsayuwarta. Wannan Damson ce, ko makaho ya shafa ya sani."

"A watan nan kai ne na tara da ya nuna mini goshi," in ji ta. "Ɗora ruwan shayi, ka faɗa mini yadda aka yi."

Yadda aka yi kuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san mu. Mu mazan fadama muna da wani girman kai: kowa cewa yake garkensa a kansa yake, biro da littafi aikin uwargida ne. Joyce ce ke huda kunne ta rubuta a ranar da aka haihu. A wancan Nuwamba tana kwance a asibiti, ruwa ya cika gona, Clover da Damson suka haihu safiya ɗaya, duka mata. Norman ya raba maruƙan da iyayensu ya haɗa su ɗaki ɗaya kamar yadda masu tatsa ke yi, ya sa musu lamba ranar Lahadi, bai zauna rubutu ba sai bayan kwana goma. Ya rubuta Clover a gaban 340, Damson a gaban 341, kuma da haka aka yi musu fasfo, wato takardar shaidar da gwamnati ke ba kowace saniya. Bai sake buɗe shafin ba. Ya ce me zai karanta, ga shanun yana ganinsu kullum.

Maganar ta yi kama da gaskiya, amma ta sauran mutum takwas ɗin ma haka ta yi. Glenda tana da hanyarta. Ba ta gardama da manomi, ba ta kuma gaskata shi. Takan tambayi inda matar gida ke ajiye takardu. Norman ya sauko da wani gwangwanin biskit daga kan kabad, wanda bai taɓa ba tun rasuwar Joyce. A ciki akwai 'yan takardun da mai allurar barbara ke bari duk sanda ya zo, kowace da sunan saniya da na bijimin da aka sa mata irinsa. Glenda ta yi awa biyu tana jera su a tebur, wata-wata, har ta kai Fabrairun 1996 ta samu biyun da take nema. An sa wa Damson irin bijimin madara, mai baƙi da fari. Clover kuwa, da yake nononta ba shi da yawa kuma Joyce ba ta son jininta a garke, irin bijimin nama, wanda ake kira Hereford, aka sa mata. Kowa a nan ya san Hereford ba ya ba da ɗa sai mai farar fuska, ko wace irin saniya ce uwar. Fuskar 340 baƙa ce wuluk, sai ɗan ɗigon fari a goshi.

Ta tambaye shi ina mai farar fuskar. Ya ce ya kai ta kara tana da mako uku, da lamba 341.

"To shi ke nan," in ji shi, "Damson ta tsira."

"Da saura. Akwai wani mutum a wani wuri da ke zuba wa 'yar Clover ciyawa yanzu haka, bai san komai ba."

Norman ya gaya mini daga baya cewa a wannan lokacin ko a jikinsa.

Shugabanta a ofis, wani likita mai suna Harcombe, ba mugu ba ne, amma ya ce takarda daga gwangwanin biskit ba za ta rushe fasfon gwamnati ita kaɗai ba. Clover ta haifi 'ya ɗaya, fayil yana neman 'ya ɗaya. Ya ba ta mako shida: ko ta nemo mai farar fuskar da ranta, ko ta kawo shaidar an riga an yanka ta. In ba haka ba mota za ta je ɗaukar 340, ita da cikinta.

Kwamfutar gwamnati a lokacin jaririya ce, ba ta san tafiye-tafiyen shanun da suka girme ta ba, saboda haka da ƙafa Glenda ta bi. Ta yi kwana biyu a ɗakin ajiyar ofishin kara cikin tsofaffin takardu har ta samu sunan mai saye, wani dillali, Vic Sweeting, wanda ya rantse bai tuna komai ba. Ba ta matsa masa ba. Ranar kasuwa ta je ta tsaya a gefensa da fayil a hannu, tana gaisawa da kowa da fara'a. Babu mai kiwon da zai yi ciniki da mutumin da 'Yar Gwamnati ke tsaye a jikinsa. A kasuwa ta biyu Vic ya tuna. Ya sayar wa wani mai renon maruƙa a gundumar Devon, littafin wannan mutumin kuma ya nuna shanu goma sha biyu, har da 341, sun koma hannun wani mai turka, wanda ya kai su mayanka gaba ɗaya a kakar bara.

Kwana ashirin ke nan da farawa, ga shaida a hannunta. Harcombe zai karɓa, Damson za ta tsira, ba wanda zai rasa komai. Sai dai Glenda ba ta taɓa rufe fayil da littafin mai sayarwa kaɗai ba, sai ta ga na mai saye. Ta je wurin mai turkar ta buɗe nasa ta ƙirga, ta samu goma sha ɗaya. Ta sake bi da yatsa. Babu 341 a ciki.

Da ta koma wurin mai renon sai ya sosa ƙeya. Ya ce shi yakan rubuta lambobin tun kafin mota ta iso. Ranar, da ana lodi, ya ji ɗaya tana tari, ya janye ta, ya manta bai soke lambarta ba. Bayan wata guda wata mata da ta zo sayen ciyawa ta gan ta ta ji tausayinta, ta saye ta a bakin ƙofa, ya miƙa mata fasfon. Bai tambayi sunanta ba. Abin da ya riƙe kawai, daga wajen tuddan Exmoor take, motarta ja ce, kuma ta ce mijinta ba shi da lafiya.

Glenda ba ta iya ɓoye wa mutum abin da ya shafe shi, don haka daga can gonar Norman ta wuce, ta gaya masa komai a tsakar gida.

"Takardar da ta ce sha biyu tana hannunki?" in ji shi.

"Tana nan."

"Wa ya ga ɗayar?"

"Ni."

"To ki kai mai sha biyun, Glenda." Ranar ce ya fara kiranta da sunanta. "Saura kwana ashirin da biyu. Jar mota nawa ce a Exmoor? In ba ki same ta ba fa?"

"Za su zo ɗaukar Damson."

"Kuma kin yarda da haka."

"Kai ka ga yadda Clover ta faɗi, Mista Puddy. Ban san ko 'yarta na ɗauke da abin ba, kai ma ba ka sani ba. Amma tana da rai, wata rana wani zai yanka ta, wani ya ci."

Norman ya gaya mata maganganu a ranar waɗanda ba sa rubutuwa, ya ce ta fitar masa daga gona. Ta fita, ta tsaya a ƙofa ta wanke takalmanta tsaf, sannan ta ja motarta.

Glenda, ke ce kika riƙe takarda biyu a hannu, ɗaya za ta sa a gode miki, ɗaya za ta sa a tsine miki, kika kai duka biyun kika ajiye a gaban Harcombe. A waɗancan shekarun duk mun ga matasan da cutar ta kama a talabijin suna kwance, iyayensu na ba su abinci da cokali. Mukan kau da kai, domin kowa na tsoron kada ya zama naman gonarsa ne. Ke ba ki samu damar kau da kai ba, kuma ban taɓa jin kin yi mita a kan haka ba.

Ta shiga Exmoor kwari-kwari. Ta tambayi masu sayar da dusa, da masu maganin dabbobi, da matan da ke jera furanni a coci. Jar mota ta gani ta fi ashirin, ba mai saniya. A can fadama kuwa hantsar Damson ta fara cika. Norman ya daina zuwa kara, ya daina zuwa mashaya, kuma maƙwabta sun ce duk sanda babbar mota ta shigo hanyar sai ya fito ya tsaya a ƙofa har ta wuce. Ranar kwana na talatin da takwas wani mai raba wasiƙu ya saurare ta ya yi dariya, ya ce ai jar mota da saniya mai leƙa kicin Pauline Yandle ke nan, ya kwatanta mata gidan.

Pauline ta yi shekara ashirin tana dafa abincin makaranta kafin ta ajiye aiki. Tana da eka shida, da kaji, da mijinta Ken wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a kujera a bakin taga. Saniyar sunanta Biddy. Kullum da yamma takan zo ta zura kanta ta saman ƙofar kicin a ba ta ɓawon dankali, Ken yana kallo daga kujerarsa. Cikin 'yan kalmomin da suka rage masa a baki akwai sunan matarsa, da a'a, da Biddy.

Glenda ta karanta lambar ta kan shinge, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofa. Da wani ma'aikacin ne, da ya ce doka ce, ya miƙa takarda, ya tafi. Ita ta zauna ta ba Pauline labarin tun daga ambaliya: gwangwanin biskit, da kuskuren Norman, da sha biyu da sha ɗaya, da Damson. Pauline tana tsaye, hannunta cikin kwaɓin fulawa, ba ta katse ta ba har ta gama.

"Ashe tawa za ta mutu don ta wani ta rayu."

"Taki za ta mutu don Clover ce uwarta. Amma gaskiya ne, in aka ɗauke ta, ta wancan za ta rayu."

"Tana da cutar?"

"Ban sani ba, Misis Yandle. Mai yiwuwa ba ta da ita."

"Da ba ki neme ta ba fa?"

"Da tana nan tana leƙa miki kicin."

Pauline ta ce ba za ta sa hannu a komai ba sai ta ga waccan saniyar da mai ita. Babu dokar da ta tanadi haka, babu kuma wadda ta hana. Ranar Asabar da safe, bayan wata maƙwabciya ta zo zama da Ken, Glenda ta ɗauki Pauline a motarta, tafiyar awa ɗaya da rabi. Norman yana tsakar gida da suka iso. Ya cire hula.

"Ni na rubuta, Misis Yandle. Hannuna ne. Matata tana asibiti a lokacin."

"Ban tambaye ka matarka ba," in ji ta. "Ina saniyar?"

Ta shiga garken da takalminta na coci, ta zagaya Damson sau biyu, ta ɗora tafin hannu a cikinta ta daɗe. Da ta fito ta ce wa Norman ba ta kai tata kyau ba. Norman ya ce haka ne. Ta karɓi biro ta sa hannu a kan goshin motar Glenda.

Aka ɗebi jinin Biddy, ya dace da na bijimin da ke kan takardar Clover. Glenda ta shirya likita ya zo da hantsi, a yi a bayan rumbu inda taga ba ta hange. Pauline ta zauna ciki da mijinta, Glenda ce ta riƙe igiya, ko da yake ba aikinta ba ne. Ken bai daina kiran Biddy da yamma ba har ya rasu a hunturun da ya biyo.

Damson ta haihu ranar goma sha ɗaya ga Mayu, mace. Da maraƙar ta kai wata uku Norman ya sa ta a tirela ya kai Exmoor. Pauline ta ba shi shayi da kek, ta tambayi lafiyar 'yarsa, sannan ta ce ya koma da abarsa. A yau Damson sun fi talatin a wannan gona, 'yar Norman ce ke tatsarsu, shi kuma yana zaune yana gyara mata abin da ba ta tambaye shi ba. Har yau ba wanda ya san ko Biddy na ɗauke da cutar, kuma masana ba su gama gardama ba kan ko waccan doka ta zama dole. In aka tambayi Glenda takan ce ba a neme ta wajen yin dokar ba. An dai ce ta nemo 'yar Clover, kuma 'yar Clover ta nemo, ba 'yar wata ba.

Cutar ta yi ta raguwa har muka daina jin labarinta. Aka buɗe mana kasuwanni, manya suka fito a jarida suna cin gasasshen nama. Mutanen waje sun yarda su sake ci ne domin an ce musu kowace saniya a ƙasar nan an san uwarta, an san inda ta bi. Wannan magana ba ta zama gaskiya a ofis ba. Ta zama gaskiya ne a tsakar gidaje irin na Norman, cikin ruwan sama, a hannun mutane irin Glenda da ba wanda ke murnar ganin motarsu.

Glenda mai bin sawu, ke ce kika shiga gidajenmu a shekarun da suka fi kowanne muni, kika sha zaginmu kika sha shayinmu, ba ki taɓa sassauta mana gaskiya don mu ji daɗi ba, ba ki kuma taɓa ɗaukar saniyar da ba ita ba ce don ki huta. Sababbin ma'aikatan da za su gaji teburinki suna da kwamfutar da ta san komai. Ina roƙonsu su koyi abin da ba ya cikinta: su je da ƙafarsu, su ƙirga da yatsa, kuma in za su karɓe wa mutum abinsa su zauna su gaya masa dalili har ƙarshe. Mu manoma kuma mu rubuta a ranar da aka haihu.

Makon jiya na je Exmoor wurin Pauline. Shekararta tamanin da biyu, tana nan da kajinta, ba ta sake kiwon saniya ba. Na gaya mata Glenda za ta ajiye aiki, na tambaye ta ko akwai abin da take so in sa da sunanta. Ta juya cokali a kofi.

"Ka rubuta ba ta yi mini ƙarya ba, ko sau ɗaya," in ji ta. "Godiya kuwa, ku da kuka amfana ku yi mata."

Mu ne muka amfana, Glenda. Mun gode.